Ranar da Baba Ya Miƙa Makullin Rumbu

Gara in faɗa tun da wuri cewa bakina ne ya jawo abin. A gidanmu Malama ake ce mini, kuma ba don girmamawa aka fara ba. Tun ina 'yar Islamiyya nake gyara wa manya: Inna ta yi alwala in ce ruwa bai kai gwiwar hannu ba, maƙwabciya ta rantse in ce mata akwai kaffara. Baba ne ya laƙaba mini sunan yana dariya. Daga baya Allah ya haɗa ni da miji malami a cikin garin Daura, ni ma na shiga koyar da matan aure, sai sunan ya zauna daram, bakin kuma ya ƙara tsawo.

Ƙauyenmu yana arewa da Daura, in an ratse daga hanyar Mai'adua. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, Yaya na fari, ni auta, sauran sun koma tun suna goye. Da yake Yaya ɗan fari ne, Baba ba ya kama sunansa, ba ya hira da shi, ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. In yana son magana da shi, ni ce 'yar aike: je ki ce wa wancan ya ɗaure shanu, je ki ce wa wancan gobe da sassafe za a fita. Ko suna tsaye wuri ɗaya, sai Baba ya juya ya gaya wa bango abin da yake so, Yaya kuma ya amsa wa bangon. Ina yarinya na ɗauka ba ya son sa ne. Sai da na yi wayo na lura cewa duk ranar da Yaya ya yi yamma a daji, Baba ba ya shiga gida, yana nan ƙofar zaure yana gyaran igiyar da ba abin da ya same ta.

Yaya a gandu ya tashi, kamar kowane ɗan manomi a wajenmu. Daga safe zuwa azahar aikin gonar gida ne, da yamma ya tafi gayaunarsa, ɗan filin da uba ke yankar wa ɗa ya noma abin kansa. Shi kuma Baba ya ciyar da shi, ya yi masa sutura, ya yi masa auren fari. Duk ya yi, bai rage ko ɗaya ba. Bayan an haifa wa Yaya ɗa na biyu sai ya ce yana so a raba tukunya, ya sayi babur, zai riƙa ɗaukar kayan 'yan kasuwa tsakanin Mai'adua da Kongolam. Baba bai so ba, amma bai hana ba. Ya kira dattawa biyu na unguwarmu zaure, ya mallaka wa Yaya gayaunar, ya haɗa masa da fartanya da damman gero, sannan ya ce, "Ku shaida, na sauke nauyina." Ina bayan ƙofa na ji, har na gyaɗa kai irin na wadda ta san hukunci.

Shekara shida Yaya yana kan babur ɗin nan, kuma ya samu rufin asiri. Ya yi wa ɗakinsa kwano, ya sai wa Inna katifa, ranar kasuwa ba ya dawowa hannu banza. Mutum ne mai ƙarfi da alfahari da ƙarfinsa, irin wanda in ana kiciniyar ɗaga buhu sai ya ce a matsa. Wata ranar kasuwa ya ɗauro buhuna biyu, garken shanu ya ratso masa hanya a wurin yashi, babur ya kwanta, buhu ɗaya ya sauka a gadon bayansa. Aka kai shi asibiti, aka wuce da shi Katsina, aka dawo aka gwada mai ɗori. Bayan watanni ya dawo gida da hankalinsa da hannayensa, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Babur ya tafi a magani, gayauna ta bi shi, shanun huɗar Baba su ma suka bi. Tukunyar da aka raba ta koma ɗaya ba tare da kowa ya ce uffan ba. Yaya da matarsa da 'ya'yansu uku suka koma ci daga rumbun Baba.

Na zo gida da damina, lokacin maimai, wato noma na biyu, da niyyar in yi mako guda. Abin da na gani shi ya tunzura ni. Baba ya haura saba'in, ba shanu, ba mataimaki, ya koma fartanya shi kaɗai a gonar da a da mutum biyu da shanu suke fama da ita. Ranar nan ya dawo bayan azahar, ya zauna zai yi alwala, hannunsa na rawa har buta ta kuɓuce masa ruwan ya bi ƙasa. Ya yi sauri ya ɗauka yana waige kada wani ya gani. Na gani. Tausayi ya kama ni, kuma ni in tausayi ya kama ni ba kuka nake yi ba, hukunci nake jawowa.

Na sami Inna tana surfe a gindin turmi na tsaya a kanta. Na ce, "Inna, a shari'a fa Baba ba shi da nauyin kowa a gidan nan sai naki. Ɗa namiji in ya balaga da lafiyarsa da hankalinsa, ciyarwa ta sauka daga kan uba, kuma ko lalura ta same shi daga baya ba ta dawowa. Yaya yanzu mabuƙaci ne, zakka ta halatta gare shi. Bari in yi wa mijina Malam magana ya nemo masa wajen masu hali a Daura, tsohon nan ya huta."

Inna ta tsai da taɓarya a sama. Ba ni ta kalla ba, bayana ta kalla. Tagar ɗakin Yaya tana daidai kanmu, kuma a buɗe take.

Washegari matarsa ta kai masa koko ya ce yana azumi. Ranar Litinin ce, ba wanda ya kawo komai a ransa. Talata ya ce yana azumi. Laraba ma haka. In magariba ta yi sai ya sha ruwa, ya kurɓi kunu cokali biyu ko uku, ya ture ƙwaryar ya ce a ba yara. Wa zai yi gardama da mai azumi? Inna ta yi lallashi, matarsa ta yi kuka, ya ce musu yana neman kusanci da Allah ne, ko akwai laifi? Ni da na zo mako guda na aika wa mijina cewa ba yanzu ba.

Akwai gyambon kwanciya a ƙugunsa, wanda wani ma'aikacin lafiya yake zuwa wankewa duk bayan kwana biyu. A mako na biyu mutumin ya ja ni gefe ya ce mini ciwon ya daina haɗa nama, ya fara zurfi. Ya ce jikin da ba ya samun abinci ba ya warkar da irin wannan, kuma irin wannan gyambon shi ne yake ɗauke masu lalurar Yaya, ba karayar ba. Ya ce in ba a sa shi ya ci ba, shi ba ya ganin za a kai kaka.

Na shiga ɗakin na durƙusa na ba shi haƙuri. Na ce ban san yana ji ba, na ce sharrin baki ne. Ya kalle ni da idanun da suka faɗa, ba fushi a cikinsu, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Ai gaskiya kika faɗa, Malama. Ni ma ina zaure ranar da ya ce ya sauke. Yara ba su san komai ba, su ci. Ni kuwa na san abin da nake ci." Ya juya fuska bango, na fito.

Duk kwanakin nan Baba yana lura. Bai leƙa ɗakin ba, don bai taɓa leƙawa ba. Amma kullum in matar Yaya ta fito da ƙwarya, sai in ga ya bi ƙwaryar da ido har madafa. Shi ma tuwonsa ya fara dawowa rabi.

Halin mutum ba ya barinsa rana ɗaya, sai na sake komawa littafi. Na je na sami Baba a zaure na ce masa akwai mafita: mai azumin nafila, in mahaifinsa ya umarce shi ya sha ruwa don tausayi, ya halatta ya karya. Na ce ya aika masa da umarni kawai, Yaya bai taɓa saɓa masa ba. Baba ya saurare ni har ƙarshe yana murza zaren hularsa. Ya ce ya sani wancan zai ci in an umarce shi, amma abincin ba zai kama jikinsa ba, tunda a ransa sadaka ce ake ɗura masa. Sannan ya ce in kira masa mijina a waya, yana son ganinsa gobe.

Wannan kaɗai ya isa ya nuna mini abin ya kai inda ya kai. Tun da aka ɗaura aurenmu, tsakanin Baba da Malam sai gaisuwa daga nesa, kowa kansa a sunkuye, irin ta surukai. In Malam ya zo ƙauye, Baba yakan tuna yana da aiki a gona. Amma ranar nan Baba da kansa ya shimfiɗa masa buzu, ya ce ni ma in zauna a bakin ƙofa, tunda ni na buɗe littafin.

Ya fara da tambayar ko abin da na faɗa haka yake. Malam ya dube ni ta gefen ido, ya ce haka yake a abin da aka karantar da su, amma wannan maganar wajibci ce, lada kuwa tana nan ninki. Baba ya ce ba lada ya kira shi tambaya ba. Ya ce, "To uba fa, in shi ne ba shi da komai, ɗansa kuma yana da shi?"

Malam ya ce a nan ciyarwa wajibi ce a kan ɗan, ko alƙali aka je zai tilasta masa.

Baba ya ce ko ɗan gurgu ne? Malam ya ce ba ƙafa ake dubawa ba, abin hannu ake dubawa.

Sai Baba ya ce to shi zai ba wancan, wato Yaya, rumbu da abin da ke ciki. Malam mutum ne da ba ya iya rage gaskiya ko don surukuta. Ya yi gyaran murya ya ce muddin gona tana hannun Baba, ba za a kira shi marar komai ba, kuma Yaya ya yi karatu daidai gwargwado, zai gane dabara ce.

Baba bai ko numfasa ba ya ce, "To, har gonar."

Na ji kamar an zare mini tabarma. Gonar nan ita ce duk abin da Baba ya mallaka a duniya. Ta kakansa ce, akwai tsamiyar da aka binne cibiyarsa a gindinta, kuma manomin da ya kai shekarunsa ba ya sakin gona yana numfashi, don kowa ya ga yadda tsofaffi suke komawa in sun saki. Malam ya yi ƙoƙari. Ya ce malamai ba sa son mutum ya ba ɗa ɗaya duk dukiyarsa ya bar sauran. Ya ce kyauta irin wannan in an furta ta a gaban shaidu, aka karɓa, ba wasa ba ce, gobe in rai ya ɓaci ba a cewa an fasa. Baba ya ce abin da yake so ke nan, wadda ba a fasawa. In da hanyar komawa, wancan zai hango ta, kuma ba zai ci ba.

Sannan ya juyo gare ni. Ya ce ya yi magana da tsohuwa, ta ce ita dai a ci abinci a gidan nan. Saura ni. Ya ce ina da rabo a gonar nan bayan ransa, kuma ba zai taɓa shi ba sai da yardata.

Ba zan yi ƙarya ba, na yi shiru, kuma ba shirun tausayi ba ne. A cikin ɗan lokacin nan na ga gefen gonar na wajen tsamiya, wanda tun ina yarinya nake cewa nawa ne, na ga 'ya'yana, na tuna mijina ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa. Har na fara lissafa kason mace a raina. Sai na ɗaga kai na ga hannun Baba a kan gwiwarsa, yana rawa kamar ranar buta, na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ni na kwantar da ɗan uwana da baki, ga tsoho zai tuɓe duk abin da ya mallaka don ya tashe shi, ni kuma ina duban tsamiya. Na ce na yarda. Ya ce in sake faɗa Malam ya ji, na sake.

A gidanmu maigida ne kaɗai yake sa a buɗe rumbu. Makullin yana rataye a wuyansa ko a aljihunsa, in hatsin da aka sussuka ya ƙare sai uwargida ta gaya masa, shi ya ce a fitar da dami kaza. Ko yana tafiya, sai ya bar izini. Mace ko ɗa ba ya taɓa kwaɗon nan da ra'ayin kansa. Baba ya jira har ranar da hatsin madafa ya ƙare ƙaf, ya ce wa Inna kada ta tambaye shi.

Da hantsi ya kira dattawan nan biyu, su dai waɗanda suka shaida rabon tukunya, ga Malam, ga mu mata daga gefe. Aka ɗauko Yaya a keken guragu aka kawo shi gindin rumbu. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Baba ya tsaya yana fuskantar rumbun, kamar yadda ya saba fuskantar bango, ya ce ya mallaka wa wancan rumbun nan da abin da ke ciki, da gona da abin da ke tsaye a cikinta, kyauta ta har abada, da yardar matarsa da 'yarsa. Ya ce bai rage wa kansa ko zangarniya ɗaya ba. Ya ciro makullin daga wuyansa ya ɗora a cinyar Yaya.

Yaya bai taɓa shi ba. Ya ce shi bai karɓa ba, a mai da shi ɗaki. Da aka tura keken makullin ya zame ya faɗi, matarsa ta ɗauka ta bi su da shi, ta ajiye a bakin tabarmarsa. Dattawa suka dubi Malam. Ya ce magana ta fita daga bakin Baba, ta hau kansa, abin da ya rage shi ne karɓa. Suka yi addu'a suka tafi.

Baba ya samu inuwar rumbu ya zauna a ƙasa, ba buzu, ba tabarma. Ba a hura wuta ba, don ba abin ɗorawa. Na ba yaran biredin da Malam ya zo da shi daga Daura. Na kai wa Baba ya ce a'a, shi ba azumi yake ba, ba fushi yake ba, abincin gidan da yake zaune kawai yake jira. Inna ta ɗauko ƙwaryarta wadda ba komai a ciki ta zauna a ƙofar madafa. Rana ta ɗaga, inuwar rumbu ta janye, Baba ya matsa ya bi ta. Gidan ya yi tsit, sai kukan kaji da ba a watsa musu dusa ba. Na san Yaya yana hango mahaifinsa ta tagar nan, tagar da ta jawo komai.

Da aka yi sallar azahar Baba ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya nufi ɗakin Yaya. Ni da Inna muka dubi juna. Ya tsaya a ƙofa ya cire takalmi, ya yi sallama, ya shiga. Na matsa kusa, don ban iya hana kaina ba. Bai dubi bango ba. Ya dubi ɗansa ido da ido, karo na farko da na taɓa gani, ya ce:

"Maigida, yau ba a fitar da hatsi ba. Ni da tsohuwa ba mu karya ba."

Yaya ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna girgiza. Da ƙyar ya ce, "Baba, don Allah ka bari."

Baba ya ce, "Ba ni da yadda zan bari, ba ni da komai. Ga Malama nan a ƙofa, tambaye ta hukuncin uban da ba shi da abin kaiwa baki."

Duk suka juyo gare ni. A rayuwata ba a taɓa tambayata hukunci na ji harshena ya yi nauyi ba sai ranar. Na ce wajibi ne a kan ɗa ya ciyar da shi.

Yaya ya daɗe yana kallon makullin a bakin tabarma. Na ga lokacin da ya gane cewa ba wasa ake masa ba: tsohon nan da gaske ba shi da komai, kuma da gaske zai zauna da yunwa har sai an ba shi. Ya miƙa hannu ya ɗauka, ya damƙe. Ya kira matarsa ya ce a fitar da dami biyu, a fara dama wa Baba kunu kafin tuwo ya nuna. Muryar da ya yi maganar da ita ita ce muryar da yake cewa a matsa in ana kiciniyar buhu. Inna ta tashi da saurin da ban san tana da shi ba, kafin a jima gida ya cika da ƙarar sussuka.

Yaya ya ƙarasa azuminsa na ranar. Da magariba aka zuba wa Baba tuwo a akushinsa, sai ya ɗauka da kansa ya kai ɗakin Yaya, ya ajiye a tsakaninsu, ya wanke hannu ya zauna. Yaya ya ce a kawo masa nasa daban. Baba ya ce shi wanda ake ciyarwa ne, ba zai riga mai abinci sa hannu ba. Suka zauna tuwo yana hucewa, kowa yana jiran kowa. Can Yaya ya yi bisimilla ya gutsura. Na tsaya daga waje ina ƙirga lomarsa kamar mai ƙirga wa jariri, hawaye yana zuba ban share ba. Akushin ya fito ba komai a ciki.

Na ɗauka Baba ya yi dabarar rana ɗaya ce, in Yaya ya murmure komai ya koma yadda yake. Ashe ban san mahaifina ba. Bai sake taɓa makullin nan ba har ya bar duniya. In mai sayen wake ya zo ya tare shi a zaure, sai ya ce a shiga wajen maigida. In yana son goro sai ya aika a gaya wa maigida. Mutanen gari suka yi ta surutu, wasu suka ce tsufa ya taɓa shi, wani amininsa ya zo takanas ya ce masa ya yi ganganci. Baba ya ce masa shi tun da yake bai taɓa hutawa kamar bana ba.

Shi kuma Yaya, da nauyi ya hau kansa, sai ya tashi da shi. Gyambon ya haɗe kafin a gama girbi. Ya sa aka riƙa ɗora shi a amalanken maƙwabta ana kai shi gona, ya zauna a gindin tsamiya yana ɗaurin dami, kuma har yau ba a yi mai ɗaure dami tamau kamarsa a unguwar ba. Ya san farashin kowace kasuwa tun zamanin babur, ya san wanda za a kira a waya a Mai'adua da wanda ba za a kira ba. Ya hana Baba noma shi kaɗai, ya ɗauki 'yan ƙodago. A kaka ta uku ya mai da shanun huɗa gidan. Wata rana Baba ya ce cikin zolaya, tunda shi yanzu ɗan gandu ne, ina gayaunarsa? Yaya ya sa aka yankar masa aron fili a wajen tsamiya, ya shuka gyaɗa, yana alfahari da ita kamar saurayi.

Kullum da safe, ko akwai hatsi a madafa ko babu, Baba zai je ƙofar ɗakin nan ya cire takalmi ya yi sallama, ya tambayi maigida yadda ya kwana. Damina biyar yana yi. Ni da nake koyar da babin ciyarwa duk shekara, na san iyakar abin da aka ɗora wa uba, na san inda ya tsaya. Ban taɓa karanta inda aka ce mutum zai iya mai da kansa mabuƙaci don ɗansa ya ci abinci da mutunci ba. Har yau in na tuna tsohon nan zaune a ƙasa yana bin inuwar rumbu, tsigar jikina tashi take.

Da ya rasu aka zo rabon gado, ba a daɗe ba. Riguna biyu, hula, buta, carbi, fartanya, da rabin buhun gyaɗar gayaunarsa. Bayan sadakar bakwai Yaya ya kira ni ya ce in zaɓi gefen da nake so a gonar, ya san wajen tsamiya nake so. Na ce na riga na bayar a gaban shaida, kuma wadda ba a fasawa ce. Bai ja ba, amma duk kaka sai mota ta sauke mini buhuna a ƙofar gida a Daura, ba tare da saƙo ba.

Bara na je gida na kwana biyu. Inna ta tsufa sosai, Yaya ya yi furfura, babban ɗansa ne yake riƙe da shanu. Da safe na ji ya kira matarsa ya ce a fitar da na Baba. Ta auno tiya guda ta gero ta fita da ita, aka kai wa wata tsohuwa marar kowa a bayan masallaci. Na tambaya aka ce mini kullum haka ake yi tun ranar da aka binne shi, ko rumbu ya cika ko ya yi ƙasa. Yaya ya ga ina kallo. Ya shafa makullin da ke wuyansa ya ce, "Ciyar da shi wajibi ne a kaina, Malama. Ke kika faɗa."

Na san hukuncin. Na san wajibcin ya sauka tun ranar da aka kai Baba makwancinsa, har babin na tuna, har layin. Ya zo mini bakin harshe kamar yadda ya saba zuwa. Na haɗiye shi, na ce haka ne, Yaya, sannan na tashi na taya matarsa surfe.